Dinyo da Ƙararrawa Goma Sha Ɗaya

Shekara arba'in da biyu ke nan ina maƙwabtaka da Dinyo Karakolev. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ma ba ta kai ƙirji ba. Ni baduku ne, sunana Manol. Duk ɗamarar fatar da ta taɓa zagaye ƙugun mutumin nan daga hannuna ta fito, saboda haka in na ce na san bayansa, da awo na san shi.

A nan Yasenik aka haife shi, shekarar da aka kawo mana lantarki. Mahaifinsa makiyayi ne. Dinyo ya yi soja, ya dawo ya tuƙa taraktar gonar haɗin gwiwa shekara ashirin. Da gonar ta watse aka raba ƙasa, rabonsa ya faɗa kan wani gangare da kowa ya ƙi. Ya tsince duwatsun ya dasa wardi. Tun daga nan, duk watan Mayu za ka gan shi da matarsa Tonka a duƙe cikin layuka tun raɓa ba ta bushe ba, suna tsinkar fure suna zubawa a buhu. 'Yarsu ɗaya, Radka, tana Jamus tana kula da tsofaffin wasu. Ba shi da yawan magana, ba ya rigima, ba a taɓa zaɓensa shugaban komai ba. Kwana ɗari uku da sittin da huɗu a shekara, in ya wuce ka a hanya kana iya mantawa ka gan shi.

Rana ɗayan da ta rage ita ce ranar kukeri, Lahadin da ke gaban babban azumin coci. Ran nan mazan gari kan sa fatar akuya da fuskar dodo, su ɗaura ƙararrawa a ƙugu, su bi gida gida suna tsalle, don a kori sanyi da cuta, alkama kuma ta yi tsawo. Wanda ya fi ƙararrawa shi ke gaba. Kakan Dinyo ya bar guda goma sha ɗaya na tagulla. Ƙaramar ba ta wuce kofin shayi ba. Babbar, wadda ake kira Bijimi, in ka kifa ta za ta rufe kan yaro. In an haɗa su duka kilo talatin da huɗu ne. Shekara talatin da ɗaya Dinyo yana gaba da su.

Muna da ƙa'ida a garin nan, ba a rubuce take ba. Ƙararrawar gida ba ta tsallake shekara. In mai ita ya kasa fita da ita gaba ɗaya ranar biki, sai ta koma hannun namijin da ya fi kusa a jini wanda zai iya ɗauka, kuma inda ta je nan za ta zauna. Dinyo ba shi da ɗa namiji. Wanda ya fi kusa shi ne Kosyo, ɗan ƙanin mahaifinsa, wanda Dinyo ya girme wa da shekara goma sha ɗaya. Kosyo yana da masauki a bakin babban titi, inda baƙi ke tsayawa su ci nama su ɗauki hoto. Mutum ne mai fara'a. Bangon ɗakin cin abincinsa cike yake da tsofaffin kaya: garma, mazari, bindigar da ba ta tashi. Ban taɓa ganin abin da ya hau bangon nan ya sauko ba.

Ba buhu ne ya kayar da Dinyo ba, ba kuma ƙararrawa ba. A watan Nuwamba na shekarar da ya cika sittin da uku, ya sauka ɗakin ƙasa zai juya ruwan kabejin da Tonka ta jiƙa a ganga. Ya sunkuya zai ɗauki bokiti, bokitin ma babu komai a ciki. Nan ya tsaya. Tonka ta ƙwala mini kira ta kan katanga, muka cire ƙyauren ɗakin ajiya muka ɗauko shi a kai.

Ba a jima ana neman mai laifi ba. Tonka ta sauka ta duba, ta tarar ƙofar ɗakin a buɗe, 'yar tagar sama ma a buɗe. Iskar ƙofa biyu ce ta kama shi. A Yasenik ba a tsoron kyarkeci kamar yadda ake tsoron iskar da ta shigo ta nan ta fita ta can. Ita ke kawo ciwon wuya, ciwon haƙori, shanyewar fuska, har an ce ta taɓa kashe wani limamin coci. Na girma ina jin haka, kuma ko yau ba na zama tsakanin ƙofa biyu. Ina faɗa ne kawai don kada a ce na fi mutanen garin.

Tonka ta kama jinya iya saninta. Ta kwantar da shi kan gado kusa da murhu, ta toshe kafofin tagogi da tsumma, ta hana shi ko juyawa sai da izini. Ta naɗe masa ƙugu da ɗamarar gashin kare da yayarta ta saƙa. Da safe ta murje shi da barasar da aka jiƙa barkono a ciki, da yamma ta shafa zuma a ganyen kabeji ta ɗaure masa. Wata tsohuwa ta zo ta yi masa ƙaho da kofunan gilashi. Ma'aikacin ɗakin shan maganinmu ya yi masa allura goma. Kowanne cikin waɗannan ya yi aiki, ba zan ɓoye ba. Yakan ji daɗi daga hantsi zuwa azahar. Sannan ciwon ya dawo ya zauna inda ya bari.

Mako shida yana kwance. Ɗakin ya koma warin barasa da kabeji. Ƙafafunsa suka zama kamar na kaza, cikinsa ya yi gaba. Tonka kuwa, ban taɓa ganinta da walwala irin ta wannan hunturun ba. Takan zauna bakin gado tana saƙa tana ba shi labarin mutanen da suka mutu tun kafin a yi titi, shi kuma ba inda zai je. Ba na cewa ta so ciwonsa. Amma shekara talatin da takwas mutum yana shan shayinsa a tsaye yana kallon ƙofa, to sai ga shi a kwance.

Kosyo ma bai yi wasa da zumunci ba. Duk bayan kwana biyu yana nan da tsiren nama a takarda.

"Yaya, kwanta abinka," yakan ce. "Kada ka motsa ko kaɗan. Baya ba a yi masa gardama. Inna Tonka, kin ga labulen can yana motsi? Akwai iska a ɗakin nan."

"Kai dai ka kawo gishiri, naman nan salam yake," in ji Dinyo.

Idan zai fita, sai ya ɗan tsaya a baranda, inda ƙararrawar ke rataye a jikin azara. Ba ya taɓa su. Hularsa kawai yake gyarawa, ya daɗe yana gyarawa. Wata rana na je masaukinsa kai masa wata jaka da na ɗinke, na ga an sauke garmar an mayar da ita gefe, an buga sababbin ƙusoshi a jere a bango. Ban tambaya ba. Na dai ƙirga.

Bayan Kirsimeti haƙurin Dinyo ya ƙare. Ya ce a kai shi birni a yanka shi a huta. Wani surukin mai kantin garinmu an yi masa aiki a baya, an sa masa ƙarfe, shi ma haka yake so. Tonka ta yi kuka. Kosyo ya ce motarsa tana nan, kuma ko sisin mai ba zai karɓa ba. Wanda aka yi wa aiki a Janairu ba ya ɗaukar kilo talatin da huɗu a Maris. Wannan ko ni baduku na sani. Muka shimfiɗa masa bargo a kujerar baya muka tafi Stara Zagora.

Aka tura shi cikin na'ura aka ɗauki hoto. Likitan tiyatar dogo ne mai furfura, yana magana kamar wanda bai karya kumallo ba. Ya kalli hoton ɗan lokaci, sannan ya ajiye shi ya kalli Dinyo ya daɗe.

"Tashi tsaye, Baba. Tsaya kan yatsun ƙafa. Yanzu kan dunduniya. Ƙafar tana mutuwa? Tana jan ƙasa in kana tafiya?"

"A'a."

"Fitsari fa, kana riƙewa? Bayan gida? Zazzaɓi? Ka rame?"

"Ramewa?" in ji Dinyo, ya dafa cikinsa.

Likitan ya ƙwanƙwasa masa gwiwa da 'yar guduma, ya tsikare shi nan da can, ya koma ya zauna.

"Ba zan yi maka aiki ba."

"Likita, ga shi a hoto! Ni da ban yi karatu ba ina ganin abin ya ɓullo."

"Je tashar mota ka kamo mini sa'anninka goma waɗanda ba abin da ke damunsu, in sa su a na'urar nan. Yawancinsu haka zai fito. Furfurar ciki ce. Akwai bayan da nake yankawa, kuma da na ga alamarsa yau ba za ka koma gida ba. Naka ba ya ciki. Mako nawa ka yi a kwance?"

"Shida."

"Wa ya ce ka kwanta?"

Dinyo ya dube ni, na dubi Kosyo, Kosyo ya dubi kalandar da ke bango.

Likitan ya rubuta takarda zuwa sashen gashin ƙashi na wani gari mai maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke kusa da mu. A hanyar dawowa Dinyo sai faɗa yake, wai an raina shi don ya zo da hular ƙauye. Kosyo ya ƙura wa titi ido har muka iso. Rediyo ma bai kunna ba.

Wadda aka haɗa shi da ita a can sunanta Bilyana, 'yar Stoyanka ce ta unguwar gada, a gabanmu ta girma. 'Yar ƙarama ce, amma muryarta tana kaiwa ƙarshen ɗaki. Mako biyu yana zuwa a bas. Ya shiga tafkin ruwan ɗumi, aka yi masa tausa, wannan ya so. Da ta shimfiɗa tabarma ta ce ya durƙusa da hannu da gwiwa ya gantsare kamar kyanwa, sai ya ce shi ba zai yi ba.

"Ni na yi wa uwarki rakiyar aure, yarinya. Yanzu ki sa ni rarrafe?"

"Baffa Dinyo, ruwan zafi da tausa daɗi ne na awa ɗaya. Ina yi maka ne don ka samu ka motsa. Maganin yana jikinka, ba a hannuna yake ba. Kana yin abin da na nuna maka a gida?"

"Kullum."

"Nuna mini na farkon."

Ya kasa.

Ran Lahadi Bilyana ta zo ganin mahaifiyarta, sai ta biyo gidan Dinyo. Ina nan. Ta gaida Tonka, ta shaƙi iskar ɗakin, ta nufi taga ta zare tsumman ta buɗe. Ƙofa kuwa a buɗe take. Tonka ta yi alamar gicciye ta ruga ta tsaya tsakanin tagar da gadon, ta baza mayafinta kamar kaza kan 'ya'yanta.

"Kashe mini shi za ki yi? Wannan suka koya miki a makaranta?"

"Inna, minti biyar kawai. In ya mutu ki kai ni ƙara wurin uwata."

Ta fita baranda, muka ji ƙarar tagulla, ta dawo da ƙaramar ƙararrawar a tafin hannunta. Ta san ƙa'idar garin kamar kowa, ba sai an gaya mata abin da ke cin mutumin ba. A waccan shekarar azumi ya makara, bikin ya faɗo tsakiyar Maris. Ta ƙirga a yatsu, saura kwana arba'in da tara.

"Gobe da safe za ka ɗaura wannan, ka je maɓuɓɓugar Iliya ka dawo. Kullum. Ka yi na tabarma kafin ka fita. Duk bayan kwana huɗu ka ƙara ɗaya, daga ƙarama zuwa babba. Ɗaya na ce."

"Me ya sa sai da ƙararrawa? In fita haka mana."

"Don bayanka ya koyi kayansa a hankali. Kuma hanyar ta bi ta ƙofar uwata. Ran da ta ji shiru za ta buga mini waya."

"Zan iya ɗaukar su duka ran biki?"

"Ban sani ba, Baffa. Abin da na sani, daga kan gadon nan ba za ka iya ba."

Daga gidan zuwa maɓuɓɓugar bai fi kilomita ɗaya ba, amma dole a ratsa gaban kanti, inda maza ke zama da kofin kofi tun safe. Ranar farko na raka shi. Mutumin da ya saba girgiza gari da goma sha ɗaya, ga shi da sanda, yana takawa kamar ƙasa ƙwai ce, 'yar ƙararrawa tana cewa ƙil, ƙil a ƙugunsa.

"Jama'a, ɗan ragon wa ya ɓata?" in ji mai kanti.

"Ku kama shi kafin kyarkeci ya ji!"

Kosyo ma yana nan, ya zo sayen burodi. "Yaya, me ya fito da kai cikin sanyin nan? In kira maka makiyayi ya mayar da kai garke?"

"Bari, ƙane. Ciyawa nake nema," in ji Dinyo, bai waiwaya ba. Kunnuwansa dai sun yi ja.

Awa ɗaya da rabi muka yi a tafiyar da yaro ke yi cikin minti ashirin. Ya dawo ya ce bayan ya fi jiya ciwo. Washegari ya fita. Stoyanka tana taga, ta ɗaga masa hannu kamar mai karɓar tikiti.

Ya kai biyu, ya kai uku, ya jefar da sanda. Garin ya koyi ƙirga da kunne. Mata a ɗakin girki sukan dakata da wuƙa a hannu su ce, yau huɗu ce. A nan ne ya yi kuskurensa. Wata safiya mai kanti ya ce a wannan saurin sai Ista, bayan an gama azumi, zai kai Bijimi, mutane suka yi dariya. Kashegari Dinyo ya ɗaura bakwai. Na gan shi ta kan katanga na ce, "Yarinyar ta ce ɗaya." Ya ce yarinyar ba ta gaban kanti. Ya wuce mazan kanti yana taku irin na da, ba wanda ya yi tari. A hanyar dawowa ne na same shi rungume da shingen coci, fuskarsa kamar toka.

Tonka ta mayar da tsumman tagogi, ta fito da ɗamarar gashin kare. Kosyo ya iso da nama tun kafin la'asar. Na ɗauka an gama. Shi ma Dinyo ya juya fuska bango ya ce mini, "Yaya Manol, ka goge ƙararrawar da toka kafin Kosyo ya zo ɗauka. Kada a ce gidanmu ƙazamai ne."

Bilyana ta zo da yamma a bas ɗin ƙarshe. Ta yi masa tambayoyin likitan nan ɗaya bayan ɗaya, ta sa ya tsaya kan yatsu da dunduniya, yana zaginta ƙasa ƙasa.

"Ba abin da ya karye," ta ce. "Fushi ya yi, kuma da gaskiyarsa. Kwana biyu ka riƙa zagaya ɗaki, ka sha ƙwayar rage ciwo in ya matsa, ka ɗora jakar ruwan zafi. Rana ta uku ka koma ƙararrawa uku."

"Uku? Ai na kai huɗu!"

"Tarar bakwai ce."

Tonka ta tare ta a ƙofa. "Ke za ki hau bas ki tafi. Ni ce zan zauna ina jiran a kawo mini shi kan ƙyaure. Yana nan lafiya lau a gabana, kin zo kin kora mini shi waje."

Bilyana ta kalle ta. Ina jin ta gane abin da ni na daɗe da ganewa.

"To Inna, ki bi shi mana. Wa zai tare masa iska a hanya in ba ke ba?"

Rana ta uku ya fita da uku, Tonka tana biye da mayafi a hannu da goran shayi. Tana ba shi labarin matattu, yana cewa uhm. Da suka iso gaban kanti mai kanti ya buɗe baki, ta dube shi, ya mayar da kofi bakin. Daga ran nan ba su fasa ba, ko ran da dusar ƙanƙara ta kai idon sawu.

Ni ma an ba ni nawa aikin. Bilyana ta zana mini a bayan takardar magani: ɗamara mai faɗin tafin hannu biyu da za ta zauna kan ƙashin ƙugu, da igiya biyu masu gicciye ta kafaɗa, a shimfiɗe cikin da ulu. Kakanninmu siririya suke ɗaurawa, ta nutse cikin nama. Na ce ba haka ake yi ba. Ta ce ƙa'ida ta ce a fita da ƙararrawa, ba ta ce da wace ɗamara ba. Na duba a raina, na ga haka ne. Sau uku na huda mata sabon rami kafin biki, duk ta ciki, don tumbin Dinyo yana ta komawa.

Kwanakin da ya ɓata ba su dawo ba. Ana gobe biki yana kan goma. Bijimi, kilo bakwai ita kaɗai, ba ta taɓa hawa ƙugunsa ba tun bara.

Da safe muka shirya shi a tsakar gida. Fatar akuya, ɗamara, sannan ƙararrawa ɗaya bayan ɗaya. Bilyana tana tsaye da hannu a aljihu. Kosyo ma ya zo cikin tasa shigar, da ɗamarar da babu komai a jikinta sai ƙugiyoyi. Ƙa'ida ce, magaji yakan zo a shirye. Na ɗaga Bijimi da hannu biyu na maƙala ta a tsakiyar baya. Gwiwoyin Dinyo suka ɗan lanƙwashe. Ya ja numfashi, ya miƙe.

"Da ciwo?" in ji Bilyana.

"Da shi."

"Irin wanda ka sani, ko baƙo?"

Ya saurara, kamar mai jin motsi a rufin ɗaki. "Na gida ne."

"To tafi. Gwiwa a sake in za ka sauka. Kuma ba kowace ƙofa ce sai ka yi tsalle ba, girgiza ma ƙara ce."

Tonka ta sa masa fuskar dodon da hannunta, ta gyara ɗamarar gashin karen da ta cusa a ƙarƙashin fatar ba da sanin kowa ba. Na gani, Bilyana ma ta gani.

Gida sittin da huɗu ne masu hayaƙi a Yasenik yanzu. Ya bi su duka, maza ashirin a bayansa. A yawancin ƙofofi bai bar ƙasa ba, kafa ƙafa yake yi ya karkaɗa ƙugu, ƙararrawar ta ɗauka tun daga ƙaramar har Bijimi ta amsa daga ƙasa, ka ji ta a haƙoranka. Matan gida suna fitowa da burodi da ƙwai da ruwan inabi. A ƙofar Stoyanka ya rusuna. A gaban kanti ya tsaya ya daɗe yana kaɗawa har kofuna suka yi rawa a kan tebur, mai kanti ya cire hula. Wajen gida na arba'in na ga takunsa ya gajarce, ya jingina da bishiyar goro na ɗan lokaci. Kosyo ya matso kusa. Dinyo ya ɗaga masa hannu ɗaya, ba da faɗa ba, ya ci gaba.

Masaukin Kosyo ne na ƙarshe, a bakin titi, baƙi sun cika baranda da wayoyinsu. Nan Dinyo ya ja baya taku biyu. Na ji Bilyana ta ce, "Wayyo, tsohon nan." Ya yi tsalle. Ba irin na shekara talatin da suka wuce ba, amma na ga haske tsakanin takalminsa da ƙasa. Ya sake. Ya sake na uku, ya sauka da gwiwa a sake kamar yadda aka koya masa, tagullar nan goma sha ɗaya ta faɗi da murya ɗaya, karnukan gari suka ɗauka. Mutane suka yi ta ihu suna kiran sunansa, abin da ba a yi, don dodo ba shi da suna. Daga nan aka koma dandali, aka ja garma sau uku aka watsa alkama, yana gaba har aka gama. Da na sauke masa Bijimi rigarsa ta ciki sai da aka matse.

Yammacin wannan Lahadin ne ƙanana ke zuwa wurin manya neman gafara kafin a shiga azumi. Muna zaune gidan Dinyo, Tonka ta kawo banitsa, wainar fulawa mai cuku, da dafaffen ƙwai, sai ga Kosyo. Ya cire hula, ya sunkuya ya sumbaci hannun yayansa.

"Ka yafe mini, Yaya."

"Na yafe. Allah ya yafe mana duka. Me ka yi?"

"Na kawo maka nama da yawa."

"Salam kuma."

Kosyo ya zauna, ya karɓi ƙwai yana ɓarewa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ina da ƙusa goma sha ɗaya a bango. Ban san abin da zan yi da su ba."

"Tonka tana da jan barkono a igiya," in ji Dinyo. "Baƙi suna son hotonsa."

Kwana uku bayan biki yana tafiya kamar an ɗaura masa katako. Bai kwanta ba. Ba zan ce bayan ya warke sarai ba. Akwai safiyar da nake jin nishinsa ta kan katanga yana sa safa, kuma in zai ɗauki bokiti yanzu durƙusawa yake yi kamar mai roƙo. Hoton asibitin yana rumfar kaji, ya toshe wata kafa da shi. Ya tsinki wardinsa a Mayu. Ya fita da goma sha ɗaya a bikin da ya biyo, da na bayansa.

Har yau duk safiya yana zuwa maɓuɓɓuga da ƙaramar a ƙugu, Tonka a gefensa da mayafi. Mai kanti ya fara bin su, wai likita ya ce ya rage ciki. Ni ma nakan bi, daga baya, don ƙafata ba ta sauri. Tagar ɗakinsu a buɗe take kwana biyun nan. Sai dai Tonka takan tabbatar an rufe ƙofa tukuna.